Mene ne asalin kalmar "Urdu", kuma me take nufi?

Baban Sadiya, daga wani ƙauye a ƙasar Jahun

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da ɗalibai na wannan zaure, tare da fatan damina tana yin albarka a wurarenku. Tambaya ce ta kawo ni, kuma wani ɗan littafi ne sanadinta.

Kawuna ya sauke farali a bana, kuma a cikin tsarabar da ya zo da ita, banda dabino da zamzam da carbi, akwai ƙaramin littafin addu'o'i da wani dattijo ɗan Pakistan ya ba shi a masallacin Madina, bayan sun yi kwana takwas suna zama a sahu ɗaya ba tare da ɗayansu yana jin maganar ɗan uwansa ba. Addu'o'in da Larabci suke, kowa ya karanta su ba gargada. Amma a ƙarƙashin kowane layi akwai wani rubutu da haruffa irin namu, sai dai a karkace suke, kowace kalma tana gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar an rataye ta a igiya, ba wasali, kuma wasu haruffan suna ɗauke da alamomin da ba mu taɓa gani a allo ba. Alaramman garinmu, wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku, ya juya littafin ya sake juyawa, ya ce haruffa dai ya gane su, amma magana ba ta fito masa ba. A bangon littafin muka ga kalma mai harafi huɗu, alif da ra da dal da wau, kuma Kawu ya ce ita ce kalmar da dattijon ya riƙa maimaitawa yana nuna bakinsa, wato Urdu.

Daga nan gardama ta kaure a majalisarmu ta gindin darbejiya, inda muke zama bayan la'asar idan an taso daga maimai. Na'ibin liman ya ce Urdu harshen mutanen Urdun ne, ƙasar da rediyo ke kira Jodan, domin sunan ma ya nuna haka. Wani malamin Islamiyya da muke koyarwa tare ya ce a'a, daga kalmar Larabci ta "ardu" take, wato ƙasa, don haka ma'anarta harshen ƙasa. Ƙanena kuwa, wanda ba shi da aiki sai kallon fina-finan Indiya a waya, ya ce shi dai, da Kawu ya kunna masa muryar dattijon da ya ɗauko, abin da ya ji Indiyanci ne tsantsa, bai ji wani sabon harshe ba. Kowa ya ja daga, aka tashi sallar magariba ba a daidaita ba.

Don haka nake roƙon wanda Allah ya ba sani ya warware mana: kalmar nan daga wane harshe take, me take nufi tun farko, kuma ta yaya ta zama sunan harshe?

Jikan Ɗan Bama, daga ƙasar Gumel

Wa alaikumus salam. Malam Baban Sadiya, Allah ya karɓi ibadar Kawu, ya sa mu a danshinsa. Ni malamin gona ne, ba malamin harshe ba, amma wannan tambaya ta taɓo wani abu da na taso ina ji a gidanmu.

Kalmar ba Larabci ba ce, ta Turkawa ce. A Turkanci "ordu" na nufin rundunar yaƙi ko sansaninta, kuma har gobe da wannan kalma mutanen Turkiyya suke kiran rundunar sojansu. Abin da aka fi yaɗawa shi ne, sarakunan Musulmi da suka mulki Indiya sun tara mayaƙa daga ƙabilu barkatai, Turkawa da Farisawa da mutanen Afganistan da Larabawa da 'yan ƙasa, kowa da bakinsa, sai zaman sansani ya tilasta musu haɗa wani harshe da za su riƙa fahimtar juna da shi, aka kira shi da sunan wurin da aka haife shi.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin muna da irinsa, wato Barikanci. Kalmar bariki aro ce daga Turanci, kuma Hausar da ta taso a barikin sojan Turawa, inda aka haɗa Bahaushe da Babarbare da Bazabarme da mutanen da Hausa ba harshen gidansu ba ce, ita aka laƙaba wa wannan suna. A cikinta ba a bambanta namiji da mace, sai ka ji an ce "yarinya ya zo", kuma ɓ da ɗ da ƙ duk sun baje.

Kakana na wajen uba yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da aka kwasa zuwa yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Runduna ta 81 ta isa Indiya a 1943, ta 82 ta bi baya a 1944, kuma jirgin ruwa a Bombai ya sauke su kafin a wuce da su fagen fama. Har ya rasu, idan ya aike mu muka tsaya wasa, sai ya daka tsawa ya ce "jaldi, jaldi", wato maza-maza, idan kuma yana son ruwa a cikin raha sai ya ce a kawo masa "fani", wanda daga baya na gane "pani" ne bakin Bahaushe ya mayar da shi haka. Ya ce wannan shi ne harshen sojojin Indiya da suka zauna tare. Saboda haka ni a wurina amsar a taƙaice ita ce, Urdu Barikancin Indiya ne, sai dai nasu ya yi sa'a ya samu marubuta, namu bai samu ba.

Abu Hafsa, daga ƙasar Birnin Kudu

Assalamu alaikum. Na yi shekaru ina karatun shari'a a Islamabad, kuma dole ta sa na koyi Urdu na kasuwa da na motar haya, daga baya sha'awa ta sa na leƙa tarihinsa. Maganar Yaya Jikan Ɗan Bama kashi biyu ce. Kashin farko daidai yake, kalmar ta Turkawa ce. Kashi na biyu kuwa, wato kamanta shi da Barikanci, ina da ja a kansa, kuma ina neman afuwa idan bayanin ya yi tsawo, domin a nan ne mafi yawan mutane suke zamewa, har da su masu harshen.

A wurin Turkawa da Mongolawa na dā, makiyayan dawaki na filayen tsakiyar Asiya, "ordu" ko "orda" ba wurin kwanan mayaƙa kaɗai ba ne. Wuri ne da sarki ya kafa tantinsa, da iyalinsa da fadawansa da taskarsa, domin mutanen da ba su da birni mai ganuwa, inda sarki ya sauka nan ne fada. Sunayen wurare sun riƙe wannan ma'ana har yau. Babban birnin daular Uigur a kwarin kogin Orhon na ƙasar Mongoliya, a ƙarni na 8, sunansa Ordu-Balik, wato birnin fada. Daular da Batu, jikan Jengis Han, ya kafa a filayen da ke kudancin Rasha ta yau, daga baya an yi mata laƙabi da Orda ta Zinariya. A Kazakistan akwai garin Kizilorda, kuma fadar shugaban ƙasarsu a Astana sunanta Ak Orda, farar fada. A Turkiyya akwai gari mai suna Ordu a bakin Bahar Aswad. Har Turanci ya ari kalmar ta hannun mutanen Poland, ta zama "horde", sai dai su sun karkatar da ita ga ma'anar gungun mutane marasa tsari, abin da ke nuna yadda mutanen Turai suka kalli waɗannan mahaya.

Farisanci ya ari kalmar, kuma ta hanyarsa ta zauna a Indiya. Babur, wanda ya kafa daular Mugal bayan yaƙin Panipat a 1526, Baturke ne a baki, amma harshen mulki da wasiƙa da waƙa a fadar zuriyarsa Farisanci ne. Sarakunan nan ba sa zama wuri ɗaya. Idan sarki ya fita rangadi, gari ne guda yake tashi, da alƙalai da magatakarda da 'yan kasuwa da maƙera da masu gidan abinci, har tantunan sarki kashi biyu ake yi, ana tura kashi ɗaya gaba a kafa kafin ya iso zango na gaba. Wannan gari mai tafiya shi ake kira urdu. Hujja mafi ƙarfi a wurina ita ce tsabar kuɗi: a zamanin Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, akwai kuɗin da aka buga a kan hanya, kuma a gurbin da aka saba rubuta sunan garin da aka buga kuɗi, sai aka rubuta Urdu. Ba a buga kuɗin sarki a bukkar dakaru.

Da Shah Jahan, mai Taj Mahal, ya gina sabon birninsa a Delhi tsakanin 1639 da 1648, ya kira shi Shahjahanabad, sai fada mai yawo ta samu mazauni na dutse, amma tsohon sunan ya biyo ta. Ana kiran fadar da kewayenta Urdu-e-Mu'alla. Kalmar mu'alla Larabci ce, daga tushen ɗaukaka, don haka ma'anar ita ce maɗaukakiyar fada ko maɗaukakin sansani. Kasuwar da ke tsakanin Jan Ganuwa, wato ginin fadar sarki, da babban masallacin Juma'a ana kiranta Urdu Bazar, kuma ko da yake Turawan Ingila sun rushe ta bayan tawayen da Indiyawa suka yi musu a 1857, har yanzu akwai titi mai wannan suna a gefen masallacin, inda ake sayar da littattafai. Maganar mutanen wannan wuri kuwa ana ce mata Zaban-e-Urdu-e-Mu'alla. "Zaban" a Farisanci daidai take da "harshe" a Hausa, tana nufin tsokar da ke cikin baki, tana kuma nufin yaren da ake yi da ita. Sunan ya yi wa baki tsawo, sai aka yar da wutsiyarsa ya zama Zaban-e-Urdu, aka sake yar da kansa, Urdu kaɗai ta rage. Kamar a ce an daɗe ana cewa "harshen fadar Kano mai daraja", a koma "harshen fada", a wayi gari ana tambayar mutum ko yana jin Fada.

Abu na biyu shi ne, sunan sabo ne, harshen kuwa tsoho. Amir Khusrau na Delhi, wanda ya rasu a 1325, shekaru ɗari biyu kafin Babur ya taka Indiya da mulki, ya riga ya ambaci harshen yana kiransa Hindawi. An kira shi Hindi, an kira shi Dehlawi saboda Delhi, a Gujarat an kira shi Gujri, a kudu kuma Dakani, inda Muhammad Kuli Kutub Shah, sarkin Golkonda da ya kafa birnin Haidarabad a 1591, ya bar diwani guda na waƙoƙi a cikinsa. Mawaƙan Delhi na ƙarni na 18 sun fi kiransa Rekhta, kalmar Farisanci mai nufin abin da aka zuba ko aka gauraya, kuma Mir Taki Mir da ya rasu a 1810 da Mirza Galib da ya rasu a 1869, manyan mawaƙan harshen biyu, duk sun yi amfani da wannan suna. Masu tarihin adabin sukan ambaci mawaƙi Gulam Hamdani Mus'hafi a matsayin wanda aka fara samun kalmar Urdu ita kaɗai a matsayin sunan harshe a waƙarsa, wajen 1780. Wani babban masani ɗan Indiya, Shamsur Rahman Faruƙi, wanda ya rasu a 2020, ya ƙara da cewa a rubuce-rubucen Khan Arzu, malamin harshe da ya rasu a 1756, urdu birnin Delhi take nufi, kuma da ya ce harshen maɗaukakiyar urdu, akwai inda Farisanci yake nufi. Ke nan harshen ya yi kusan shekaru ɗari biyar ana magana da waƙa da shi kafin wannan suna ya manne masa. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta.

Abu na uku, kuma shi ne ya fi gamsar da ni, shi ne ƙirar harshen kansa. Harshen da baƙi suka haɗa don buƙatar gaggawa, kamar Barikanci, nahawunsa yake zubarwa, kamar yadda Yaya ya nuna da "yarinya ya zo". Urdu bai zubar da komai ba. Yana bambanta namiji da mace har a cikin aikatau: namiji ya ce "main jata hun", mace ta ce "main jati hun", duka ma'anarsu ina tafiya. Ginin jimlarsa da wakilan sunansa da ƙirgarsa, ek, do, tin, char, da kusan dukkan aikatau ɗinsa, na karin harshen yankin Delhi ne da ake kira Khari Boli, jinin Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Idan mutum ya ce "mujhe kitab ki zarurat hai", wato ina bukatar littafi, kitab da zarurat Larabci ne, amma ragowar, waɗanda su ne ƙashin bayan jimlar, 'yan ƙasa ne. Haka Hausa take da littafi da alƙalami da lokaci da labari, kuma babu wanda ya ce Larabawa ne suka ƙirƙiro ta. Abin dariyar shi ne, harshen da sunansa Turkanci ne, kalmomin Turkancin da ke cikinsa 'yan kaɗan ne, irin su "ƙainchi", almakashi, da "begum", uwargida mai daraja, da "baji", wato yaya mace. Kuma idan ɗan Pakistan zai ce soja a yau ba ya cewa urdu, "fauj" yake cewa, kalmar da jam'inta ya zo a Suratun Nasri, "afwajan".

Labarin cakuɗuwa yana da inda ya fito. A 1800 Turawan kamfanin Gabashin Indiya sun buɗe kwalejin Fort William a Kalkata don koya wa ma'aikatansu harsunan ƙasa, ƙarƙashin mutane irin su John Gilchrist, wanda shi ya fi son sunan Hindustani. Ɗaya daga cikin malaman da suka ɗauka, Mir Amman, mutumin Delhi, ya rubuta a gabatarwar littafinsa Bagh o Bahar cewa baƙi daga ko'ina sun taru a fadar Akbar, kuma a wajen saye da sayarwa harshen urdu ya samu. Littafin ya zama na koyar da Turawa shekara da shekaru, su kuma da suka duba ƙamus suka ga urdu na nufin sansani, sai suka ƙulla zaren da kansu.

Ummu Aliyu, daga ƙasar Rano

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Malam Abu Hafsa da alheri. Ni Larabci nake koyarwa a makarantar matan aure, don haka zan tsaya ga maganar na'ibi da ta malamin Islamiyya, tunda Malam bai taɓa su ba, kuma bai kamata a bar su haka ba, domin duka biyun sun yi ƙiyasi ne irin na masu karatu.

Na'ibi yana da uzuri, domin a rubuce harafi ɗaya ne ya raba kalmomin biyu. Urdun da nun take ƙarewa, Urdu da wau, kuma su kansu Larabawa suna cewa "Urdiyya" ga harshen, "Urduniyya" ga abin da ya shafi ƙasar, har ɗalibai sukan rikita su. Amma Urdun sunan kogi ne tun kafin ya zama sunan ƙasa, yana cikin littattafan tarihin Musulunci na farko a matsayin yanki na ƙasar Sham, kuma mutanen can Larabci suke yi, ba su da wani harshe na daban da ake kira da sunan ƙasarsu.

Maganar "ardu" kuwa harafi ne yake karya ta. Kalmar ƙasa a Larabci da lodi ake rubuta ta, Urdu kuwa da dal. Wani zai ce ai baki yana canza harafi, kuma gaskiya ne, amma kowace al'umma tana da hanyar da take canza shi, ba ta kaucewa. Mu Hausawa lodi lam muka mayar da shi a tsofaffin kalmomin aro, shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da larura da farilla da lamiri, har tsofaffinmu suna cewa Ramalana. Masu Urdu kuwa, bin Farisawa, zaira suka mayar da shi, suna cewa ƙazi da wuzu da zarurat da farz da zamir da Ramzan. Kalmar "zarurat" da Malam ya kawo a misalinsa ita ce larurarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, kowace ta bi bakin gidan da ta yi aure. Kalmar ƙasa ma suna da ita, "arz" suke furta ta. Da sunan harshen daga can yake, da zaira za a ji a cikinsa, ba dal ba.

Game da rubutun da ya gagari Alaramma, ba gazawarsa ba ce. Salon rubutun sunansa Nasta'aliƙ, daga Farisa ya zo, kuma haka yake a rataye. Haruffa masu ɗigo uku irin na "pe" da "che" Farisawa suka ƙara, masu ɗan ƙaramin ɗa mai hannu a kansu kuwa mutanen Indiya suka ƙara don sautukan da ake naɗe harshe wajen furta su. Dabara ce irin wadda malamanmu suka yi wa ajami da suka buƙaci rubuta tsa da ɓa. Dattijon nan ɗan Pakistan, da za a miƙa masa waƙar ajami da rubutun tsangaya, shi ma juya ta zai yi ta yi.

Jikan Ɗan Bama

Malam Abu Hafsa, na karɓi gyara a kan haihuwar harshen, musamman hujjar namiji da mace, domin ita na fi ganewa. Amma kada a wanke soja tas daga cikin labarin. Abin da kakana ya gani da idonsa shi ne, a rundunar Indiya ta zamanin Turawa, Bapanjabe da Bapatane da Gurka duk da wannan harshe ake ba su umarni, ana rubuta musu shi da haruffan boko, kuma hafsoshi Turawa sai sun ci jarrabawarsa, kamar yadda aka riƙa yi wa Turawan mulki jarrabawar Hausa a nan Arewa. Na kuma ga cewa cikin sunayen da aka kira harshen da su akwai Lashkari, daga "lashkar", wato runduna a Farisanci. Idan mutanen da kansu sun kira shi harshen runduna, ai ba Turawa kaɗai za a ɗora wa laifin ba.

Abu Hafsa

Yaya, a nan ba mu da saɓani. Soja ya yaɗa harshen, kasuwa ta yaɗa shi, zawiyoyin sufaye sun yaɗa shi, kuma sunan Lashkari yana nan. Abin da nake rarrabewa shi ne yaɗawa da haifarwa. Aikin soja da na ɗan sanda sun kai Hausa garuruwa da yawa, amma ba a bariki aka haife ta ba, Barikanci reshe ne da ya tsiro daga baya a jikin tsohuwar bishiya.

Saura maganar ƙanen Malam Baban Sadiya, wadda aka yi wa dariya alhali ita ce ta fi kusa da gaskiya. A bakin talaka, Hindi da Urdu harshe ɗaya ne, mutumin Lahor da mutumin Delhi suna ciniki ba tafinta, kuma fina-finan da yake kallo da wannan harshe na tsakiya ake yin su, waƙoƙinsu ma sun fi karkata ga kalmomin Urdu. Rabuwar a rubutu take da kuma rumbun da ake ɗebo manyan kalmomi: Urdu yana rubutu daga dama yana ɗebowa daga Farisanci da Larabci, Hindi yana rubutu daga hagu da haruffan Dewanagari yana ɗebowa daga Sanskrit. Siyasa ce ta kafa katangar. A 1837 Turawa sun sauke Farisanci daga kotuna, suka sa Urdu a gurbinsa a yawancin arewacin Indiya. A 1867 wasu 'yan Hindu a Banaras suka fara neman a sauya shi da Hindi, kuma a 1900 gwamnan lardin da Banaras take ciki, Antony MacDonnell, ya amince a riƙa karɓar haruffan Dewanagari a kotu tare da na Urdu. Daga nan suna ɗaya ya zama tutar Musulmi, ɗayan ya zama tutar 'yan Hindu, alhali a dā Musulmi ne suke kiran harshensu Hindi ba tare da jin komai ba. Bayan an raba Indiya biyu a 1947, sabuwar ƙasar Pakistan ta ɗauki Urdu a matsayin harshen ƙasa, kuma tsarin mulkinta na 1973 ya tabbatar da haka, duk da cewa waɗanda suka sha shi a nono a can ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, Panjabi ne ya fi yawan masu shi. A Indiya kuwa ƙidayar 2011 ta samu sama da mutum miliyan 50 da Urdu ne harshen gidansu. Saboda haka mai yiwuwa ne dattijon da ya ba Kawu littafi, a gidansa da iyalinsa, wani harshen yake yi daban.

Baban Sadiya

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara ilimi. Jiya bayan la'asar na karanta amsoshin nan gaba ɗaya a majalisa, sai da cajin wayata ya kusa ƙarewa. Na'ibi ya janye maganarsa da ya ji batun nun da wau, malamin Islamiyya kuma ya nemi in sake karanta masa jerin alƙali da ƙazi, ya rubuta su a bayan rajistar ajinsa. Ƙanena tun jiya ba a iya zama da shi.

Kawu ne ya ba mu mamaki. Da ya ji bayanin Malama, sai ya ce yanzu ya gane abin da dattijon yake nufi duk lokacin da ya ajiye dardumarsa ya ce masa "wuzu, wuzu" ya fita, ashe alwala yake cewa zai je ya sake, a tsare masa wuri. Alaramma kuma ya karɓi littafin ya tafi da shi, ya ce zai bi fassarar Fatiha kalma bayan kalma ya ƙirga waɗanda ya sani. Ya aiko ni in tambayi Malama ko Malam Abu Hafsa yadda ake furta wata ya mai doguwar wutsiya da ta koma baya ta kwanta a ƙarƙashin kalma, domin ya ce kusan kowane layi da ita yake ƙarewa.